Rumfar kifin da nake ci a Elmina shekara 18

Sana'ata albasa ce. Daga Galmi muke ɗauko ta, mu sauke a Kumasi ta ƙasar Gana, daga nan in raba wa abokan cinikina na bakin teku, Cape Coast da Elmina da Takoradi. Ta wannan hanya na san matar da zan ba ku labarin rumfarta. A 2007 ta fara karɓar albasa a hannuna, rabin buhu, bashi, ta kuma biya a ranar da ta ambata. Tun daga lokacin, duk zuwan da na yi Elmina a wurinta nake cin abincin rana. Rumfar ba ta da allo, ba ta da suna. Kowa Maame yake ce mata, wato Inna da yarensu, ni ma haka nake kiranta, ita kuma ta ce mini Alhaji. 'Yan uwa na zango da direbobinmu sun sha tambayata inda mutum zai ci kifin teku a garin hankalinsa kwance. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, da daɗin wurin da aibinsa, da kuma abin da ya tsaya mini a rai tun zuwan da na yi a watan Agustan 2025.

Samun wurin ba wuya. In ka shigo gari daga hanyar Cape Coast, ka miƙe har gadar da ta ratsa bakin tafkin Benya. Kana kan gadar za ka hangi farin ginin nan da Turawan Fotugal suka gina a 1482, wanda daga baya ya zama inda ake tsare bayi kafin a loda su a jirgi. A ƙarƙashin ƙafarka kuwa kwale-kwale ne kamar an zuba, kowanne da tutocinsa da rubutun da mai shi ya zaɓa a jikinsa. Kasuwar kifi ta Mpoben na nan kusa, hancinka ma zai kai ka. Rumfar Maame tana cikin wani lungu bayan kasuwar, tafiyar da ba ta fi minti biyar ba. Rufin kwano ne a kan ginshiƙan katako, tebur biyu, benci huɗu, murhu uku a gefe. A bakin shiga akwai bokiti mai famfo da sabulu, kuma ban taɓa zuwa na tarar babu ruwa a ciki ba.

Abin da Musulmi zai fara tambaya shi zan fara amsawa. Kifi kaɗai ke shiga tukunyarta. Ba naman alade, ba naman daji, ba ta kuma sayar da giya, ko da yake shagon da ke kallonta yana sayarwa, kuma da yamma hayaniyar masu sha takan iso. Mu da muka tashi a kan mazhabar Malikiyya duk abin da ya fito daga teku halal ne a gare mu, don haka ko ƙaguwa ko wannan halittar mai hannu takwas da suke soyawa ba abin tsoro ba ne. Shekaru da yawa da suka wuce ta ga ina neman inda zan yi alwala, zuwan da na sake yi na tarar ta sayi buta ta rataye a ƙusa. Butar na nan har yau, an canza ta sau biyu ko uku, kuma duk direban da ya tambaya za a miƙo masa.

Abincin da ya riƙe ni a wurin shi ne miyar da suke kira fante-fante. Ɗanyen kifi ne da aka fitar daga ruwa a ranar, a dafa shi cikin manja da tumatir da attaruhu da albasa mai yawa, ba a soya shi da farko ba, ba a kuma juya shi da ludayi, sai dai a girgiza tukunyar don kada ya farfashe. Ta Maame ba ta da kauri, manjan na yawo a sama ja wur, gishirinta daidai, ɗanɗanon kifin ne a gaba ba na dunƙulen magi ba. Albasarta takan yanka ta da kauri ta zuba kashi biyu, rabi tun farko ya narke, rabi dab da saukewa don a ji shi a haƙori. Mai albasa ne ni, na san wanda ya san darajarta. Ana cin miyar da dokunun Fanti, wato dunƙulen tuwon masara mai tsami, wanda ya bambanta da na mutanen Akra: nasu a bawon masara ake naɗe shi kuma da gishiri, na Fanti a busasshen ganyen ayaba, ba gishiri, ya fi tauri, tsaminsa kuma ya fi kwanciya. Wanda bai saba ba, loma ta farko zai ji baƙon abu, ta biyar kuwa zai nemi ƙari. In ba ka son dokunu akwai etsew, tuwon masara mai ɗan tsami da laushi, shi ya fi kusa da abin da bakinmu ya sani.

Soyayyen kifinta ma ba laifi. Tana tsaga shi a gefe, ta shafa gishiri da citta da tafarnuwa, man kuma ba ta barinsa ya yi baƙi kafin ta canza. Ana kawo shi da ɗanyen yaji da aka niƙa a kaskon ƙasa, da cokali ɗaya na shito, baƙin yajin nan da ake dafawa da garin busasshen kifi da jatan lande. Shiton nata yana da zafi ƙwarai, mai gyambon ciki ya kiyaye.

Kuɗi kuwa, a 2007, shekarar da aka canza kuɗin Gana aka cire sifili huɗu, da sidi 1 nake tashi a ƙoshe. A zuwana na ƙarshe, ni da ɗana, dokunu huɗu da kwanon fante-fante biyu da soyayyen kifi ɗaya da ruwa, sidi 165 muka biya. Na san komai ya tashi, albasata ma ba a farashin da nake ba ta da take karɓa yanzu ba. Amma manyan wuraren cin abinci na masu yawon buɗe ido da ke bakin ruwa za su karɓi fiye da haka a kan mutum ɗaya, kuma miyarsu ba ta kama ƙafar tata ba.

To, ga abin da ya canza. A da in na zauna, tambayarta ɗaya ce, dokunu nawa. 'Yan shekarun nan ta ƙara ta biyu: "Alhaji, na teku ko na kwali?" Na kwali shi ne daskararren kifin da ake shigo da shi ta tashar Tema daga ƙasashe irin su Muritaniya da Maroko, a raba shi gidajen ƙanƙara, irin dai wanda ake soyawa a Kumasi da Tamale da Yamai da Kano. Mace tana zaune inda in ta ɗaga murya masunta za su ji ta daga cikin kwale-kwalensu, amma sai ta aika yarinya gidan ƙanƙara ta sayo kifin da ya yi makonni a jirgi. Wannan tambayar tata ita ce babban dalilin da ya sa nake tura mutane wurinta. Da yawa a garin za su narkar da na kwali, su jera a tire, su rantse maka da safen nan aka kamo shi. Ita daro biyu take ajiyewa, ta nuna maka kowanne, farashinsu ma daban. Fante-fante kuwa ta ce ba za ta taɓa yin sa da na kwali ba, ranar da babu ɗanye babu miyar, ka ci soyayye ko ka dawo gobe.

Da gangan na zaɓi Agusta a wannan zuwan, don ɗana na uku, wanda ke karatun harkar kifi a Jami'ar Cape Coast, ya daɗe yana so mu je tare a lokacin kaka. Ita ma teku tana da kakarta. Daga Yuli zuwa Satumba ruwa mai sanyi yana tasowa daga ƙasa zuwa sama a gaɓar Gana, ya ɗauko abincin da ƙananan kifaye ke ci, sai kifin da Fanti ke kira eban, Asante su ce amane, ya taru garke-garke. Shi ne kifin talaka, shi ake bandawa a kai har arewa, shi ne a miyar kuka da ta kuɓewa a gidajen zango. Na ga wannan kaka da idona a shekarun farko na zuwana. Kwale-kwale kan shigo Benya ya nutse har kusan baki saboda nauyi, mata na gudu da daro a ka, hayaƙin banda ya rufe gari dare da rana, yara na tsintar wanda ya zube ba mai hana su. In ka tsaya kallo a kan gada, wani zai iya cika maka leda kyauta. A irin wannan wata Maame ba ta karɓar kuɗin eban daga hannuna, gyara ne take ɗorawa a kan abinci.

Wannan karon mun isa da hantsi ranar Alhamis. Muka tsaya kan gada kusan awa guda. Kwale-kwalen da suka shigo a gabanmu, wani daro shida aka sauke, wani uku, wani kuwa mutum kusan ashirin ne suka fito daga ciki da abin da bai cika daro biyu ba. Da muka zauna a rumfa, Maame ta ce yau akwai na teku, ta samu jan kifi kaɗan don miya, sannan ta ɗora mana gyaran eban soyayye kamar yadda ta saba. Na kai hannu ke nan, ɗana ya ɗauki ɗaya ya shimfiɗa a tafinsa. Bai wuce tsawon ɗan yatsansa na tsakiya ba sai da kaɗan. Ya ce, "Baba, wannan bai taɓa yin ƙwai ba." Ya ce dokar ƙasar ta 2010 ta hana a sauke irin wannan kifi in bai kai santimita 18 ba, kuma duk cikin farantin babu wanda ya kai. Ya ƙara da cewa a 1996 abin da aka kama na wannan kifi a Gana ya haura tan dubu 135, zuwa 2016 bai kai tan dubu 30 ba. Ni ban san tan a kifi ba, amma na san buhu. In gonar da ke ba ka buhu 135 ta koma ba ka 30, ba ka bukatar malami ya gaya maka akwai matsala.

Abin da ya sa maganar ta shige ni, mu manoman albasa muna da abin da ba a taɓawa. In an yi girbi, sai a ware kawuna mafiya kyau a ajiye, a sake binne su, su yi fure su ba da iri. Ko yunwa ta kai ina, ko farashi ya kai ina, mai hankali ba ya kai albasar iri kasuwa. Na taɓa ganin shekarar da wasu a garinmu suka sayar saboda tsada ta ruɗe su, da lokacin yafa iri ya zo suka bi gida-gida suna roƙo. Abin da ke cikin farantin nan iri ne. An soya shi da kyau, yana ƙamshi, an ba ni shi don girmamawa, amma iri ne.

Na tambayi Maame, cikin Asantancin da muke haɗuwa a kai ni da ita, me ya sa take sayen waɗannan. Ba ta ji haushi ba. Ta ajiye matsami ta zauna a bakin benci, abin da ba ta cika yi ba da rana. Ta ce, "Alhaji, in ban saya ba ta kusa da ni za ta saya, kifin kuma ya riga ya mutu." Sannan ta ba ni labarin da na san rabinsa. Matan bakin teku su ne bankin masunta. Ita ke ba da kuɗin man da ake kira firimis, wanda gwamnati ke sayar wa masunta da rangwame, da kuɗin abincin ma'aikata, da sharaɗin in kwale-kwale ya dawo ita za a fara sayar wa. A makon da ya gabaci zuwanmu sau biyu ta zuba kuɗin mai a kwale-kwalen da ɗanta ke aiki a ciki, sau biyu suna dawowa da abin da bai biya man ba. Ta ce a jan koma ɗaya, ledar fiya wata da robobi da tsummokara sun fi kifin yawa, sai da suka zauna suna tsince kifi daga cikin shara.

Daga nan hira ta kai mu ga saiko, kalmar da duk wanda ya zauna a Elmina ya sani. Manyan jiragen jan koma an ba su lasisi ne su kama kifin ƙasan teku. Sai suka koma kwasar ƙananan kifayen sama, abincin masu kwale-kwale, su daskarar da su falle-falle kamar bulo, da dare wasu manyan kwale-kwale na musamman su je tsakiyar teku su sayo, su sauke a Elmina da Apam da Axim. Doka ta hana, amma shekara da shekaru a fili aka yi ta yi. Ni kaina na sha ganin ana sauke waɗannan bulo na ƙanƙara da rana tsaka ana lodawa a motoci, ban san abin da nake kallo ba. Ƙungiyar Environmental Justice Foundation ta ƙiyasta cewa a 2017 kaɗai kifin da ya bi ta wannan hanya ya kai tan dubu 100, ta kuma gano cewa kusan kashi 90 cikin 100 na jiragen, duk da tutar Gana da suke ɗauke da ita, masu su na ainihi kamfanonin ƙasar Sin ne. Tarayyar Turai ta ba Gana katin gargaɗi a 2013, ta janye a 2015, ta sake ba ta a 2021 saboda kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba. Bayan wannan na biyun ne aka matsa, kwale-kwalen saiko suka ja baya daga bakin Benya.

Maame ba ta ɓoye mini ba, ita ma ta sayi saiko shekaru. Ta ce lokacin da kwale-kwalen mijinta, Allah bai yi masa tsawon rai ba, ke dawowa wayam, bulon nan ne ya riƙe rumfar, da shi ta biya kuɗin makarantar yara. Ta ce, "Mun san kifinmu ne aka sace ake sayar mana, amma yaro ba ya cin sani." Ban sami abin da zan ce mata ba. Na ga laifin abin, na kuma ga matar da ta yi shi, kuma da ni ne a matsayinta ban isa in rantse zan yi dabam ba.

Kada kuma a ɗauka duk laifin na baƙi ne, don ita kanta ba ta yarda da haka ba. Kwale-kwalen da ke gaɓar Gana sun haura dubu 12, suna bin kifin da ya ragu. Da yawansu suna fita da janareto, su zura ƙwan lantarki mai ƙarfi cikin ruwa da dare, kifi babba da ƙarami ya taru a kan hasken, su zagaye shi da koma mai ƙananan idanu da ko ɗan yatsa ba ya shiga. Wasu har nakiya da guba suke zubawa. Duk an hana, duk ana yi. A nan ne Maame ta ja layinta, kuma a nan nake ƙara ganin girmanta. Ta ce kifin guba ko na nakiya ba ya shiga rumfarta. Tana gane shi tun a daro: jikinsa ya yi laushi tun bai daɗe da fitowa ba, in an ɗora a kan wayar banda sai ya ruguje, ba ya kwana biyu. Na taɓa ganin ta mayar da daro guda bayan an riga an sauke mata, mai shi yana zage-zage, ita ko kallonsa ba ta yi ba. A shekara 18 ban taɓa tashi daga rumfarta da ciwon ciki ba, ni da ke da hanji mai saurin fushi.

Wani dattijon masunci da ke cin abinci a ɗaya teburin ya tsoma baki, da ya ji ɗana na magana. Ya ce hukuma ta fara rufe teku ga manyan jirage a 2016, ga masu kwale-kwale kuma a 2019, wata guda a shekara, daga baya aka tsayar da shi a Yuli, sai a 2025 aka ɗauke wa masu kwale-kwale. Shi a ganinsa rufewar wata ɗaya ba ta da amfani in ranar da aka buɗe kowa zai koma da fitilarsa. Ɗana ya ce masa sabuwar dokar 2025 ta tura manyan jirage baya, daga mil 6 zuwa mil 12 daga gaɓa, wannan fili duka na masu kwale-kwale ne yanzu. Dattijon ya ce ya ji a rediyo, kuma ya yi murna, amma shi da ke kwana a kan ruwa zai gaskata ranar da ya daina ganin fitilun jirgi kusa da inda ya zuba komarsa. Sau biyu jirgi na tsinka masa koma cikin dare, ba wanda ya biya shi. Na fi karkata ga dattijon, ko da yake ina fata ɗana ne zai yi gaskiya.

Rumfar tana da nata aibin, kuma na faɗa mata a gabanta kafin in rubuta a nan. Hayaƙi ya yi yawa. Murhun bandarta irin na da ne, yana cin itace kamar me, iska kuma in ta juyo daga teku sai ta turo hayaƙin kan masu ci, idanunka na ruwa kana loma. Akwai sabon murhu da ake kira ahotor, wanda ke rage hayaƙi da cin itace, ta ce ta gani a wurin wata, kuɗin ginawa ne ya gagare ta. Ita ce ma abin tausayi, da ke shaƙarsa tun asuba, idanunta sun yi ja, tari kuma ba ya barinta. Ƙuda na damun wurin in kasuwa ta cika. Babu makewayi, sai ka taka zuwa na kuɗi. In ka zo tsakanin ƙarfe 12 da 2 za ka jira, don ita kaɗai ke zuba miya, ba ta yarda yaranta su taɓa tukunyar ba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne leda. Duk wanda ya sayi na tafiya da shi, dokunu a leda, miya a leda, yaji a leda, sannan a haɗa su a baƙar leda ta huɗu. Ruwan wanke kifi da ƙaya da sauran tarkace kuma a kwatar bayan rumfa ake zubawa, kwatar kuma Benya ta nufa, Benya kuma teku. Na ce mata, "Maame, ledar da ɗanki ke tsincewa a koma, wata daga nan ta tashi." Ta yi shiru, sannan ta ce gaskiya ne, amma mai saye ba ya zuwa da kwano. Ni ma da nake faɗa, buhunan albasata na roba ne, kuma na san inda suke ƙarewa in sun yage. Yanzu dai ina ajiye kwanon sha da murfi a mota, shi nake miƙa mata in zan tafi da miya Kumasi, direbobina biyu ma sun fara.

Wanda zai je ya kiyaye ranar Talata. A al'adar masuntan wannan gaɓa ba a fita teku ranar, hutun ruwa ne, a nan ake zama gyaran koma. Ranar Talata ba fante-fante a rumfar, sai banda da na kwali. Haka kuma kafin bikinsu na Bakatue, wanda ake yi Talatar farko ta watan Yuli, sarakunan garin kan hana kamun kifi a Benya na wasu makonni, sai ranar bikin a jefa koma a buɗe ruwa. Abin ya tuna mini da yadda Sarkin Ruwa ke hana taɓa tafki a ƙasarmu har sai ranar su. Kakanninsu da namu ba su haɗu ba, amma duka sun san ruwa yana bukatar a ɗaga masa ƙafa. Laraba da yamma zuwa Asabar su ne ranakun da na fi samun ɗanyen kifi a wurinta, kuma gara ka isa kafin ƙarfe 11.

Eban ɗin da ta ɗora mana ranar, mun cinye shi, don mayar da kyauta cin fuska ne, kuma barinsa ba zai mayar da shi ruwa ba. Amma kafin mu tashi na roƙe ta, daga yau in ƙanana ne kada ta sa mini, in ba manya ta bar gyaran. Ta ce ta ji. Ta ce akwai wata malamar makaranta da wani fasto da suka riga ni faɗin haka, ni ne na uku. In ka je, ka nemi fante-fante da jan kifi ko duk babban kifin da ya shigo a ranar, dokunu biyu sun ishi mutum ɗaya, ka ce a rage shito in ba ka jure yaji. In ta tambaye ka na teku ko na kwali, amsar da ta ba ka game da kowane daro gaskiya ce, ka saya hankalinka kwance.

Da za mu tafi na sauke mata buhu ɗaya na albasa maimakon biyun da ta saba karɓa a Agusta, ita ce ta ce ɗaya ya isa, ciniki bai kai na da ba. Ta ce za ta biya ƙarshen Satumba in teku ta yi kirki. Ranar 29 ga Satumba kuɗin suka shigo wayata, cif, ba ragi.